Tiyon Burkin da Aka Ɗaure a Head Bridge

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Anacha, bakanike a Head Bridge. Ba zan faɗi sunansa ba, don wasunku sun sha shayi da shi. Sana'arsa gyaran burkin iska na manyan tireloli, irin masu ɗaukar katafila, kuma ya iya aikin. Sahun farko ba ya wuce shi a masallaci. Cutarsa ɗaya ce: bai ƙi jinin komai ba kamar a ce ya kasa.

Wata rana da hantsi wata tirela ta hauro gada ɗauke da katafila, za ta Inugu, iska na zuba daga ƙarƙashinta. Direbanta Andrawus ne, mutumin Kudancin Kaduna, ya daɗe yana kawo masa aiki. Mai motar, Alhaji Maikuɗi, ya bugo waya ya ce idan an gama gyara bakaniken ya biyo motar zuwa Inugu, yana so a sauya wa duk tirelolinsa tsohon burki da sabo. Aikin da mutumin nan ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan.

Ya shiga ƙarƙashin mota. Ga wanda bai sani ba, a bayan tayoyin tirela akwai abin da suke kira tukunya. Iska ke shiga ta tura wata roba, robar ta sa burki ya kama. Ya tarar robobin tayoyin baya sun yage. Ya zaga shagunan kayan mota da ƙafarsa, kowa ya ce irin wannan sai gobe.

To, da wane baki zai ce wa Alhaji sai gobe, a ranar farko? Ya koma ƙarƙashi, ya lanƙwashe tiyon da ke kai wa tukwanen iska, ya ɗaure da waya. Zubar ta tsaya cak, agogon iska ya cika. Amma tayoyin nan ba su da burki ko kaɗan. Ya ce a ransa, ai tare za mu tafi, kafin gangare zan gaya masa, gobe in gyara a Inugu. Bakanikai da ke zaune a nan, kada ku sunkuyar da kai, na san kun san wannan ɗauri.

Andrawus ya leƙo ya ce, "Oga, ya kama? Ka san gangaren bayan Ninth Mile ba ya wasa."

Ya ce, "Wallahi ya kama."

Andrawus ya ce, "Shi ke nan. Kai in ka ce wallahi ba na sake dubawa."

Kun ji fa. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba ya ɗauki rantsuwarmu da nauyi fiye da wanda ya yi ta.

Suka kama hanya. A miƙaƙƙen titi burkin kan mota ya isa, ba wanda zai gane komai. Da azahar ta yi, Andrawus ya tsaya a Awka don bakaniken ya yi sallah, ba tare da an roƙe shi ba. Mutumin nan ya yi sallarsa, ya ƙudura yana sallamewa zai faɗa. Ya dawo ya tarar Andrawus ya sayo musu ayaba da gyaɗa, yana waya da Alhaji, yana cewa, "Alhaji, wannan mutumin ba irinsa a Anacha, shap-shap ya gama." Sai bakaniken ya fasa faɗa. Ya karɓi ayaba ya ci, ba ya jin ɗanɗanonta.

Duk garin da suka wuce sai ya ce gari na gaba. Tsoro ya cika shi, kunya ta danne tsoron. Da suka kai Ninth Mile ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ka bi a hankali."

Andrawus ya yi dariya ya ce, "Haba Oga, kai da ka gyara kake tsoro?"

Suka shiga gangare. Nauyin katafila ya fara turo su daga baya. Andrawus ya taka burki, mota ta ɗan lafa. Ya sake takawa, ƙauri ya cika musu hanci. Ya nemi ƙaramar giya, ta ƙi shiga. Ya dubi agogon iska ya ce, "Iska a cike take. Me ya hana ta tsayawa?"

A nan ne bakaniken ya faɗa. Ya ce, "Na ɗaure tiyon baya. Babu burki a baya."

Andrawus bai zage shi ba, bai ma dube shi ba, babu lokaci. A gabansu akwai bas cike da mutane. Ya danna hon, ya karya sitiyari zuwa jikin tudu. Sarƙoƙin katafila suka tsinke, ta taho ta danne ɓangaren direba. Bas ta wuce lafiya. Andrawus ko shurawa bai yi ba.

Bakaniken ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Waɗanda suka janye tirelar sun ga tiyon a ɗaure da waya. Kafin ya bar asibiti labarin ya kai unguwar Ogui a Inugu, ya dawo Head Bridge. Gareji ya rufe. Yayansa ya ɗauke shi ya kai shi wani ɗakin haya a Borokiri, can Fatakwal.

Ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Ya sa aka kira masa malami, ya tambaya ko yana da tuba. Malamin ya ce ƙofar tuba a buɗe take, amma akwai haƙƙin bawa, sai ya nemi iyalin mamacin. Matar Andrawus, Eunice, ta riga ta kwashe 'ya'yanta ta bi gawa gida. Wane ƙauye? Bai sani ba. Shekaru yana cin abinci da mutumin, bai taɓa tambayarsa garinsu ba. Alhaji Maikuɗi, wanda zai iya sani, ya daina ɗaukar wayarsa.

Yana nan kwance har yau. Duk wanda ya shiga duba shi, kafin a gama gaisawa zai tambaya, "Ba ka san wani ɗan Kudancin Kaduna ba, da ya san mutanen Andrawus direba?" Andrawus nawa ne a Kudancin Kaduna, jama'a?

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, bai kuma yi nufin kisa ba. Ya yi ha'inci a inda ido ba ya gani, ya rufe shi da sunan Allah, sannan aka ba shi dama tun daga Anacha har bakin gangare ya faɗi gaskiya, ya zaɓi mutuncinsa a idon mutane. Kai mai gyara, kai mai awo, kai mai ɗinki, in ba ka gama ba ka ce ban gama ba. Kunyar wannan kalma ba ta kwana. Ran Andrawus da ke wuyan mutumin nan kuwa, da shi zai tashi ranar ƙiyama.

Allah ya kiyaye mu daga rantsuwa a kan abin da muka san ƙarya ne. Allah kada ka ɗora mana haƙƙin da ba mu san inda za mu mayar da shi ba. Amin.