Hoton Matar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da kwata, Kunkuru ya kai kwamfutarsa gyara wurin Zomo da Bushiya da Dila, masu gyaran kwamfuta. Hoton marigayiya matarsa, guda ɗaya tak, yana ciki.

Zomo ya ce, "Baba, sa babbar manhajata, gudu gare ta."

"Da kwasar cuta!" in ji Bushiya. "Tawa ko ƙuda ba ya shiga."

"Ko fita," in ji Dila. "Tawa kyauta ce."

Kunkuru ya rasa wanda zai kunyata. "To, ku sa duka."

Kowa ya goge ta wani ya ɗora tasa, har hoton ya tafi.

Kunkuru ya sa tabarau ya duba. "Ina uwar yaran?"

Nan take kowa ya tuna uzurinsa, ya fice.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Uku suka rage: Kunkuru, da tabaraunsa, da kwamfutar da ta koma fanko tana tambayar sunansa.