Murhun Gilashi da Tuwon Hajiya

Akwai wata mata a Gumel mai suna Naja'atu, wadda ko maƙiyinta ya san ta iya girki. Surukarta, Hajiya Azumi, in ta zo daga Gagarawa, ba ta cin tuwon kowa sai na Naja'atu. Shekara goma sha biyu ana haka, kuma Naja'atu ba ta da abin tinƙaho da ya wuce wannan.

Gida ɗaya suke da facalarta Mahbuba, matar ƙanin mijinta, wadda ake kira Maman Hidaya, kowa da sashensa. Mijin Mahbuba direban babbar mota ne a Maigatari. Wata rana ya zo mata da murhun lantarki na zamani mai fuskar gilashi, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Kafin ka gama yanka burodi ruwan shayi ya tafasa. Gindin tukunya fes, kicin ba zafi.

Matan unguwa suka dinga shigowa kallo. Naja'atu tana jiyo shewarsu ta katanga tana fifita gawayi, idonta na hawaye, ba ka ce hayaƙi ne ko baƙin ciki ba. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai. Wai yarinyar da aka kawo jiya-jiya ita ce yau ake tururuwa sashenta. Ko barka ba ta shiga ta yi ba.

Ba a rufa wata guda ba ta sayar da tunkiyarta, ta sa aka kawo mata nata murhun, mai kai biyu, tunda na Mahbuba kai ɗaya ne. Tsohon murhun gawayin kuwa ta miƙa wa 'yan gwangwan a bakin ƙofa, da rana tsaka, don kowa ya gani.

Mahbuba ta shigo yi mata murna, ta fara cewa akwai maganar tukwane da ya kamata ta sani. Naja'atu ta katse ta.

"Maman Hidaya, ina girki tun kafin a kawo ki gidan nan."

Mahbuba ta ba da haƙuri ta fita. Naja'atu kuwa ta mayar da murhun kwalinsa, ta ce ba za a kunna shi ba sai jibi, ranar zuwan Hajiya. Kwana biyun nan da ɗan risho ta lallaɓa.

Ranar ta zo. Hajiya ta aiko cewa bayan azahar za ta iso da ƙannenta biyu. Naja'atu ta ɗora babbar tukunyar dalma da ta gada wajen mahaifiyarta, ta danna. Murhu ya yi ta ƙara, ƙit, ƙit, ruwa ko ɗumi bai yi ba. Ta sauya tukunya, ta sake sauyawa, duk kanwar ja ce. Ashe murhun ba ya karɓar kowace tukunya sai mai shimfiɗaɗɗen gindi wadda mayen ƙarfe ke kamawa, ita kuma kaf tukwanenta na dalma ne.

Da ƙyar ta zaƙulo wata 'yar tukunya da aka ba ta a wani biki, murhu ya karɓa. Miyar kuka ta dahu nan da nan, har ta fara murmushi. Ta juye, ta ɗora talge a cikinta. Da ta kama tuƙi da muciya sai tukunya ta dinga zamewa a kan gilashi, ga tsoron kada ya tsage. Tana cikin wannan kokawa aka ɗauke wuta. Tuwo ya tsaya rabi ɗanye, gudaji ko'ina, ga sallamar baƙi a soro.

Tana tsaye hannu a ka sai ga Mahbuba ta shigo da kula a ƙarƙashin hijabi. Ta ce tun da ta jiyo ƙarar nan ta gane, don ita ma haka ya yi mata ranar farko, sai ta hura gawayi.

"Yaya, ni ma tuwo a gawayi nake yi a bayan ɗaki. Wancan na shayi ne da miya. Ki zuba musu kada ya huce."

Aka kai wa baƙi. Hajiya ta kai loma uku, sannan ta dubi Mahbuba ta ce ta riƙa zuwa tana koyo wajen yayarta, don ita ko idonta a rufe ta san tuwon Naja'atu. Mahbuba ta sunkuyar da kai ta ce to.

Yabon da Naja'atu ta saba jira ke nan, amma ranar ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Kunya ta rufe ta. Sai ta dubi Hajiya ta ce:

"Hajiya, miyar ce tawa. Tuwon na Maman Hidaya ne."

Hajiya ta dube su duka biyun, ta sake gutsuro loma.

"Ashe masu tuwo biyu gare ni a gidan nan, kuka bar ni da ɗaya."

Darasi: Kafin ki sayi abu, tambayi kanki ko buƙata ce ko ganin na wata. Kowane sabon kaya yana da amfaninsa da iyakarsa, kuma wadda kike yi wa hassada wataƙila ita ce za ta rufa miki asiri. Ku tura wa 'yan uwa mata su ma su karanta.