Ɓeran Masar da Ya Cinye Shimfiɗarsa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Da sanyi ya kama, aka zuba wa Ɓeran Masar da matarsa harawa a akurkinsu na bayan gida. Shi kuwa acici ne, sai ya hau ci.

Matar ta ce, "Maigida, shimfiɗarmu ce fa."

Ya ce, "Cikakken ciki ya fi bargo."

Harawa ta ƙare, ɗari ya shigo, yana ta makyarkyata. Sai Kyanwa ta leƙo ta ce, "Fito ka kwanta a jikina, akwai ɗumi."

Har ya miƙe, matar ta riƙo shi. Ta ce, "Ɗumin nata a cikin cikinta yake. Matso nan."

Suka manne da juna har rana ta yi zafi, Kyanwa ta gaji ta tafi.

Ƙurunƙus kan kyanwa mai yunwa.