Sarki Jatau da Kifin da Ya Daina Hawowa

A can zamanin da, an yi wani Sarki ana ce masa Jatau. Birninsa yana daidai inda babban kogi ke zuba cikin teku. Kowace damina wani ƙaton kifi mai jan nama yakan baro teku ya hau kogin ya zuba ƙwai, talaka da basarake kowa ya ci ya yi banda. Kwatsam sai aka shekara uku ba a kama ko cikin kwando ba, har yunwa ta fara leƙa gidaje.

Sarki ya tara fada ya ce, "Ina son a gaya mini wanda ya hallaka mini kifi."

Waziri Ɗanjimma ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, masunta ne suke zuba gubar magimfa a ruwa. A ɗaure Makau Sarkin Ruwa, sauran za su shiga taitayinsu."

Dogarai sun riƙe Makau ke nan, sai wata tsohuwa mai bandar kifi, Tasalla, ta durƙusa ta ce, "Zaki, a ba ni kwana ɗaya, zan kawo shaidu."

Washegari ta zo da ƙwarya biyu cike da 'ya'yan kifi, ta sa aka ɗebo ruwan teku a babban kasko. Ta juye ƙwaryar farko. Kafin a jima sai 'yan kifin suka soma birkicewa, suna tasowa fararen cikinsu sama, har ba saura. Fada ta ɗauki salati. Ta juye ta biyu, sai ga waɗannan suna ta wasansu.

Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Wane irin sihiri ne wannan?"

Tasalla ta ce, "Babu sihiri, ranka ya daɗe. Na farko daga can saman kogi na kamo su, ba su taɓa ɗanɗana gishiri ba. Na biyu daga fadamar bakin teku suke, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Nan ɗan kifi ke zama cikin ciyawar kacala ya yi ƙwari, ya saba da gishiri kaɗan kaɗan, sannan ya shiga teku. Wannan fadama an sare ta, an cike ta da duwatsu, an gina rumfunan fatake. Abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, shi ma jibi za a cike."

Sarki ya ce, "Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Tsohuwa ta ce, "Waziri ya kawo shawara, amma hatimin da ke kan takardar naka ne. Gidan shan iskarka ma a kan fadamar yake."

Sarki ya koma ya zauna. Can ya dubi Makau ya ce, "Ba wanda ya yi gargaɗi?"

Makau ya ce, "Sau uku na je ƙofar Waziri, sau uku aka kore ni."

Nan take Sarki ya sa aka saki Makau. Ya ce a fara rushe gidansa na shan iska, sannan rumfuna su koma kan tudu, kuma daga yau wanda ya kafa ko turke a bakin fadama ya taɓa Sarki. Ya tuɓe rawanin Ɗanjimma, ya miƙa shi ga Tasalla ya riƙa dashen kacala a ƙarƙashinta.

Shekara huɗu Ɗanjimma yana cikin taɓo. A damina ta biyar, wata safiya ana zaman fada, sai ga shi ya faɗo a guje, taɓo har gwiwa, ko gaisuwa bai tsaya yi ba, yana haki yana cewa, "Sun hawo! Wallahi sun hawo!"

Sarki bai jira a ɗaura wa doki sirdi ba, da ƙafa ya nufi bakin kogi, jama'a na biye.