Agolan da Takarda Ta Sauya wa Uba

Ku natsu ku saurara, domin idan na kai ƙarshe hukunci zan bar muku, kuma ba zan karɓi amsar wanda bai ji farko ba.

A wani gari na bakin kogi an yi wani manomin lambu, Malam Sallau, wanda ciwo ya ɗauke ya bar matarsa Sa'adatu da tsohon ciki. Ta haifi namiji, aka raɗa masa suna Lurwanu. Bayan ta yaye shi, wanta Ilu baduku ya ɗaura mata aure da wani tela, Malam Tanimu, ta tare da yaron. Lambun Sallau kuwa ya zauna a hannun ƙaninsa Jafaru da sunan amana, kafin maraya ya girma.

Da lokacin makaranta ya yi, aka ce sai an kawo takardar haihuwa. Tanimu ya tafi ofishin rajista. Da aka tambaye shi sunan uba, sai ya tuna yadda yaran unguwa suke bin Lurwanu suna kiransa agola, ya ba da sunan kansa. Tausayi ne ya sa shi, amma ƙarya ce. Daga wannan takarda aka kwafi ta firamare, aka kwafi ta sakandare, aka yi katin ɗan ƙasa. Ko'ina Lurwanu Tanimu. Lurwanu ya san wanda ya haife shi, gari ma ya sani, don haka bai taɓa ɗaukar takardar da muhimmanci ba.

Sa'adatu ta rasu. Lurwanu ya yi aure, ya je gaban mai unguwa ya nemi lambun mahaifinsa.

"Baffa, amanar da ke hannunka na zo karɓa," in ji shi.

"Wane ne baffanka?" Jafaru ya ce. "Ranka ya daɗe, a ce ya fito da takardar haihuwarsa, shi da ya yi boko ya karanta wa jama'a."

Aka karanta. Ranar haihuwa, jim kaɗan bayan rasuwar Sallau. Sunan uba, Tanimu. Jafaru ya tafa hannu ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ashe tun yayana yana kwance yana jinya uwar wannan take kai ɗinki gidan tela!"

Lurwanu ya zo neman lambu, ga shi an tono uwarsa daga kabari an shafa mata abin da ba ta yi ba. Ya nufi ofishin rajista yana huci, ma'aikaciyar ta ce masa, "Malam, mu abin da aka faɗa mana muke rubutawa. Ba a sauya uba da baki. Ka kawo umarnin kotu." Ya fito, ya ratsa ta kasuwa, ya ga mata suna nuna shi da ido suna ƙus-ƙus. Ya shiga gida, ya ɗauki adda, ya kama hanyar lambu.

A nan na farko cikin mutum ukun da za ku yi wa hukunci ya shigo. Kawu Ilu ya tare shi a kan hanya, ya yi masa magana bai ji ba, sai ya kama kaifin addar da hannunsa na dama. Lurwanu ya fizga, jini ya tsarto. Ilu bai saki ba. Ya ce, "Ka fara da ni, ɗan Sa'adatu. In ka kashe Jafaru aka ɗaure ka, wa zai wanke ta?" Jijiyoyin yatsunsa suka yanke, bai ƙara riƙe basilla ba, sana'arsa ta dukanci ta ƙare a ranar. Ba don shi ba, da Lurwanu ya je gaban alƙali a matsayin mai kisan kai. Amma shi ne dai, lokacin da Sa'adatu ta kawo masa kukan takardar tun Lurwanu yana ƙarami, ya ce ta rufe bakinta, kada ta kunyata mijin da yake ciyar da ɗan wani.

Na biyu shi ne Tanimu. Da Lurwanu ya kai ƙara, aka ce kotu ba za ta taɓa rajista ba sai wanda ya ba da sunan ya ƙaryata kansa. Abokansa suka ba shi shawara ya ce kuskuren marubuci ne. Ya ƙi. Ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na yi ƙaryar. Ban taɓa magana da Sa'adatu ba sai bayan ta yaye yaron nan." Alƙali ya yi masa faɗa a bainar jama'a, ya ce jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba haramun ne, kuma shigar da ƙarya a rajista laifi ne, ya sa aka tsare shi na ɗan lokaci. Tanimu bai taɓa haihuwa ba. Da hannunsa ya sa hannu aka cire sunansa daga kan mutum ɗaya tilo da yake ɗauke da shi a duniya. Ba don shi ba, da takardar tana nan tana zagin mamaciya. Amma ba don shi ba, da babu zagin tun farko.

Ta uku ita ce Gwaggo Ladingo, yayar Sallau, tsohuwa mara miji, wadda take zaune a ɗaki guda a gidan Jafaru. Alƙali ya ce dole a ji daga dangin uba, dangin kuwa duk suka yi gum. Jafaru ya ce mata idan ta taka ƙofar kotu, kada ta sa ran ɗan gidan zai ɗauki makararta. Ta ɗauki sandarta ta tafi. Ta ce, "Ni na karɓi haihuwarsa. Sallau da bakinsa, yana kan shimfiɗar ajali, ya ce mini idan namiji ne a sa masa Lurwanu. Ku dubi goshin yaron nan, ku ce mini ba na gidanmu ba ne." Da ta yi magana, sai bakin liman da na maƙwabta ya buɗe. Kafin ta koma gida, an watso mata kayanta waje. Ba don ita ba, da babu wanda ya tabbatar da asalinsa. Amma shekara da shekaru tana cin albasa da tumatirin lambun maraya, tana ganin an hana shi, ba ta taɓa cewa kanzil ba.

Alƙali ya yanke hukunci. Aka mayar da lambu, aka wanke Sa'adatu, ofishin rajista ya ba da sabuwar takarda mai sunan Lurwanu Sallau. Ya karɓe ta bai yi murmushi ba. Duk wanda ya duba cikin ukun, sai ya ga hannun da ya cece shi, ya kuma ga hannun da ya jefa shi.

Ba da jimawa ba matarsa ta haifi 'yar fari, ya mayar mata da sunan uwarsa. Ranar suna, kafin a gama gyaran rago, ya je da kansa ya yi mata rajista, ya tsaya a kan marubucin har ya ga an rubuta uban daidai.

Da yaye ya matso, al'ada ta ce a kai 'yar fari hannun babba ya yaye ta, ya riƙe ta. Ilu ya ɗaga hannunsa da ya shanye ya ce 'yar ƙanwarsa ce ta dawo. Tanimu ya ce an ƙwace masa ɗa da gaskiya, a bar masa jika ko da babu sunansa a kanta. Ladingo ta ce saboda wannan gida ta rasa matsuguninta, kada a bar ta ta mutu ita kaɗai a ɗaki.

Yarinya ɗaya ce, ba ta rabuwa uku, kuma Lurwanu bai gama huce wa ko ɗayansu ba. To, ku da kuka ji abin da kowannensu ya ɓata da abin da ya gyara, a hannun wa za a sa Sa'adatu ƙarama?