Tukunyar Bin Omran

Jama'ar wannan shafi, ku ajiye abin da kuke yi. Wannan labarin ba a waya aka turo min shi ba. Da idona na gani, da bakina na sha, har gemuna sai da ya samu rabonsa. Wanda ya ce ƙarya ne ya zo Doha ya same ni, amma kuɗin jirgi nasa ne.

Akwai wani bawan Allah a nan garin, sunansa Muttaka, ɗan Funtuwa, shugaban masu gadi ne a wani babban kanti. Lokacin da ya fara zuwa Doha, da 'yar jakarsa da takalmin da kwalta ta narkar, mutum biyu ne suka riƙe shi a wani ɗan ɗaki a unguwar Bin Omran. Baba Dikko, direba, Bakatsine. Da Kawu Osman, mai gadi, ɗan Zangon Kumasi.

Ɗakin nan risho ɗaya ne, tukunya ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki kuwa tari take kamar tsohuwar akuya. Amma duk Juma'a in an sauko masallaci, ɗakin cika yake da 'yan gida. Saboda miya.

Ga yadda ake yin ta. Ranar Alhamis da rana Baba Dikko zai ɗora tukunya da ƙashin rago, ya yi nasa, ya sauke, ya tafi tuƙin dare. Miya ta kwana a firiji. Juma'a da safe, Dikko na sharar barci, Kawu Osman zai mayar da ita wuta ya ƙarasa. Muttaka kuwa bai taɓa kallon yadda ake yi ba. Aikinsa miƙa kwano.

Kai, zamani! Mutum ya sha kwano ɗaya ya manta da kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya manta da zafi, ya ji kamar yana tsakar gidan uwarsa.

To sai Shaiɗan ya zo wucewa. A wani taron suna, Osman ya bugi ƙirji a gaban mutane ya ce, "Miyan Bin Omran ai ni ne mai shi."

Dikko ya ce, "Kai ɗan Kumasi, ɗumame kawai ka iya."

Osman ya ce, "Kai kuma tsoho, ruwan ƙashi kake dafawa kamar na asibiti."

Mutane suka yi dariya. Su ba su yi ba. Osman ya kwashe kayansa ya koma unguwar Ain Khaled. Shekaru suka yi ta wucewa, in sun haɗu a masallaci sai kowa ya duƙa yana neman takalminsa.

Bana gwiwar Baba Dikko ta ƙi, kafil ɗinsa ya sallame shi cikin mutunci. Khalas, shi ke nan, zai koma Katsina gaba ɗaya, jirginsa ranar Asabar. Muttaka ya shiga damuwa. Ya san in jirgin nan ya tashi, tsofaffin nan ba za su ƙara ganin juna ba sai a filin ƙiyama.

Sai ya shirya walimar bankwana a gidansa a Al Aziziya, Juma'a bayan magariba, ya gayyace su duka. Kowannensu ya ce zai zo, amma don Muttaka, ba don wancan ba.

Matarsa Rahma ta ce, "Baban Haulat, kana duti ranar Juma'a har la'asar, ni kuma ga shinkafa, ga kaji. Miyar da za a fara sha dole a dafa ta tun Alhamis. Wacce za mu yi?"

"Farfesun kifi?"

"In ya kwana dagargajewa yake."

"To miyar kwalin nan ta kanti?"

"Ka ba Baba Dikko miyar kwali? So kake ya tsine mana a filin jirgi? Mu yi shorbar adas, miyar ƙananan waken nan irin ta Larabawa, ba ta faɗa da kowa."

Muttaka ya ce, "Ni kuwa wadda aka yi faɗan a kanta nake so."

Rahma ta riƙe haɓa. "Ka iya ta ne?"

"Na iya shan ta."

Washegari ya nufi Bin Omran. Ya tarar da Baba Dikko yana ɗaure kwalaye, tsohuwar tukunyar nan tana gefe, baƙa ƙirin, hannu ɗaya ya karye.

"Baba, miyar nan nake so ka koya min."

Dikko ya gyara zama kamar an ce ya yi huɗuba. "Ƙashin rago. Daddawa. Kimba, citta, da busasshen lemon Larabawan nan, ka huda shi. Wuta kaɗan. Kuma kada ka kuskura ka sa attarugu, masoro kawai."

"Bakatsine ba attarugu, Baba?"

Tsoho ya kau da kai. "Cikin wancan ɗan Kumasin ba ya ɗauka. Gyambon ciki gare shi, ga taurin kai, ba zai faɗa ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Sai dai tun da ya tafi in na dafa ba ta fitowa daidai. Ragunan yanzu ne ba su da albarka."

Muttaka ya danne dariya, ya ari tukunyar, ya wuce Ain Khaled.

Kawu Osman ya ce, "Yaro, ka zo wurin mai shi. In ka tashi da safe, ka kwashe man da ya daskare a sama. Ka soya gujiya, gyaɗa ke nan a wurinku, ka niƙa, ka dama. Ka gasa prekese, wannan ɗan icen namu mai ƙamshi, ka jefa. Sannan ka zauna ka zare naman daga ƙashi, ka marmasa shi ƙanana-ƙanana."

"Kawu, wannan wahalar fa?"

Osman ya tsuke baki. "Haƙoran tsohon nan na ciki duk sun lalace. In ya ga ƙashi sai ya ture wa yara, ya ce wai ya ƙoshi. Girman kai."

"To farkon miyar fa, yaya ake yi?"

"Farko ai ruwan ƙashi ne kawai. Amma daddawan da ake kawowa yanzu ba kyau, shi ya sa nawa ba ya fita kamar da."

A mota Muttaka ya kifa kai a sitiyari. Dariya ya fara, sai ya ji idonsa na zafi. Ashe duk shekarun nan kowannensu rabin miya yake dafawa.

Alhamis da yamma shi da Rahma suka yi rabin Dikko. Miya ta kwana. Juma'a da safe Rahma ta yi rabin Osman, tana mita tana zare nama. Ƙamshin da ya tashi, jama'a, sai da motoci suka tsaya cak a kan titin Salwa, wani ɗan sanda ya sauko yana tambayar gidan waye.

Bayan magariba muka hallara. Ni a kusa da ƙofar kicin na zauna, don ni mutum ne mai hangen nesa. Dikko na wannan kusurwa, Osman na waccan, kowa na kallon silin kamar ana wa'azi a can.

Muttaka ya shigo da baƙar tukunyar nan, ya ajiye a tsakiyar ledar da aka shimfiɗa. "Yalla, bismillah."

Osman ya kalli tukunya. Dikko ya kalli Osman yana kallon tukunya. Aka zuba.

Kowa ya kai cokali ɗaya baki.

Dikko ne ya fara magana, amma da Muttaka. "Ka gani ko? Na ce maka miyata ce."

Osman ya ce, "Yaro, faɗa masa wa ya koya maka."

Muttaka ya ga faɗan zai dawo sabo, ga jirgi gobe. Sai Rahma ta leƙo daga kicin, da ludayi a hannu.

"Baba, Kawu, ku yi min afuwa, ni na dafa, ni zan faɗa. Kawu, ka ji attarugu a ciki?"

Osman ya lashi baki. "Babu."

"Baba ne ya hana. Ya ce cikinka. Baba, ka ci karo da ƙashi?"

Dikko ya juya cokali a kwano. Babu.

"Kawu ne ya sa na zare, har yatsuna suka ƙone. Ya ce haƙoranka."

Dikko ya daɗe yana kallon kwanonsa. Sannan ya ce, "Ni da nake cewa wutata ce take narkar da naman."

Osman ya ce, "Ni kuma na ɗauka rowan barkono kake, Bakatsine."

"Ɗan Kumasi, cikin naka yaya yanzu?"

"Yana nan. Haƙoran fa, saura nawa?"

"Sun isa in cije ka."

Falo ya fashe da dariya. Osman ya tashi da kwanonsa, ya tsallake mu, ya zauna gwiwa da gwiwa da Dikko. Kwano ɗaya suka ƙarasa. Muttaka ya shige kicin wai zai ɗauko ruwa, sai da Rahma ta miƙa masa tsumma ya share fuska.

Ranar Asabar Osman ne ya tura kwalayen Dikko a filin jirgi. Ya cusa masa ƙullin prekese a jaka, Dikko ya bar masa sauran kimbarsa. Tukunya kuwa suka ce ta zauna gidan Muttaka, don in an ba ɗaya, sabon faɗa ne.

To, tsakanina da Allah, maganar motoci da ɗan sanda ni na ƙara. Ba motar da ta tsaya. Amma sauran duka haka aka yi, kuma ni na kankare gindin tukunyar, ku tambayi Rahma, har yau tana min gori.

Darasi: Duk abin alherin da kake bugun ƙirji a kai, akwai rabin da wani ya yi kana barci. Kada girman kai ya sa ka yi gaba da wanda kuka ci tukunya ɗaya, don ba kowa ke samun Juma'a kafin jirgi ya tashi ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mutumin nan da ya faɗo muku a rai kuna cikin karantawa.