Kibiya da Wuyan Talotalo

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo, ga mu mun matso!"

Wata budurwa ce wai ita Lantana, mai kiwon talotalo a bakin daji. Babanta maharbi ne. Da zai rasu bai bar mata gona ba, bai bar mata saniya ba, sai wata tsohuwar karya mai suna Kibiya. Ya ce, "Lantana, ga amana. Ta ciyar da mu tana da ƙarfi, ke ma ki ciyar da ita in ta tsufa."

Kibiya ce ke gadin talotalo. Dila ya zo, ta kore shi. Muzuru ya zo, ta kore shi. Sai garke ya yi albarka, sai samari suka fara sallama.

Lantana ta ce, "Duk mai sona, da Kibiya zai ɗauke ni. Zan ba shi wuyan talotalo da kayan ciki, ya ciyar da ita in gani."

Sai ga Barmo falke, da babbar riga. Ya ce, "Kare kawai? Ni da nake sauke baƙi goma a zaurena!" Aka yanka talotalo, ya karɓi ƙwaryar naman ya tafi. Ya sa aka yi miya, aka zuba albasa da tafarnuwa da yaji da gishiri, mai yana yawo a kai. Ƙamshi ya riga shi isowa.

Lantana ta leƙa akushi ta rufe. Ta ce, "Barmo, wannan miyar taka ce, sha abinka. Albasa da tafarnuwa jinin kare suke ci a hankali."

Barmo ya ce, "Ni za a mayar wa akushi saboda karya?" Sai ya kaɗe riga ya tafi.

Ran kasuwa ta zagayo, aka sake yanka talotalo. Sai ga Cindo mai tsire. Ya ce, "Yarinya, nama sana'ata ce, kada ki gaya mini komai." Ya soya wuyan nan ya yi rumus. Kafin Lantana ta buɗe baki ya jefa wa Kibiya. Kibiya ta cafe. Ƙas! Sai ta fara kakari, tana dukan baki da ƙafa, idanunta suka yi ja.

Lantana ta durƙusa, ta buɗe bakin, ta zura hannu har maƙogwaro. Ta laluba, ta laluba, ta zaro wani ƙashi mai tsini kamar allura. Kibiya ta ja numfashi. Yatsan Lantana kuwa sai jini.

Ta ɗaga ƙashin ta ce, "Cindo, ka san naman mutane. Ƙashin da ya ga wuta tsagewa yake yi. Sauka lafiya."

Ran kasuwa ta sake zagayowa. Sai ga Jatau masaƙi, wanda kullum in ya wuce gaisuwa kawai yake yi ya sunkuyar da kai. Ya karɓi ƙwarya, ya tsaya, bai tafi ba. Ya ce, "Lantana, ni ban taɓa kiwon kare ba. Ki koya mini."

Wasu samari da ke gindin tsamiya suka fashe da dariya. "Ku ji Jatau! Mace zai tambaya yadda ake ba kare nama!"

Jatau bai waiwaya ba. Lantana ta turo masa kujera.

Ta ce, "Hanta da ƙundu da zuciya, ka dafa su da ruwa zalla. Ba gishiri, ba yaji. Ka yanka ƙanana. Hanta kaɗan za ka ba ta, in ta yi yawa zawo take sawa."

Ya ce, "Wuyan fa?"

Ta ce, "Kare mai haƙora ana ba shi ɗanye, ana zaune ana kallonsa har ya gama. Kibiya ta tsufa. Dafa shi, ka tsince naman, ƙashin kuma ka binne."

Jatau ya dafa, ya zauna yana tsincewa. Yana murza kowace tsoka da yatsa, kamar yadda yake neman ƙulli a zare. Rana ta karkata, masu dariya suka gaji suka watse, shi yana nan. Ya bari ya huce, sannan ya ajiye. Kibiya ta sansana, ta ci, ta lashe kasko. Sai ta zo ta ɗora kai a kan ƙafarsa.

Jatau ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan ƙyallen saƙi fari. Ya ce, "Tun ran nan na ga yatsanki. Wannan na saƙa masa."

Lantana ta dubi ƙyallen. Sai ta miƙa yatsan.

Ran da aka kai amarya gidan Jatau, Kibiya ce a gaba, wutsiya a sama, da ɗaurin saƙi a wuya. Talotalo na biye, sun baza jela. Barmo da Cindo kuwa dole suka matsa gefe suka ba karya hanya.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Ku dai in ba ku san abu ba ku tambaya, ko da ana muku dariya. Kuma kada in ga wanda ya jefa wa kare soyayyen ƙashi.